Bayan Cessna 172: Skylane, Cirrus, Bonanza ko 206, wanne ya dace ka koya?

Wanda ya samu lasisin tuƙa jirgin sama na ƙashin kansa, ko a Amurka ya yi karatun ko a Afirka ta Kudu ko a Zariya, ba ya daɗewa kafin jirgin da ya koya da shi ya yi masa kaɗan. Cessna 172 kujera huɗu gare shi, amma idan ka cika tankinsa ka ɗora manya huɗu da jakunkunansu, ka zarce kilo 1,157 da aka ƙayyade masa. Gudunsa kuma kusan kilomita 220 ne a awa. To daga nan hankali ke komawa kan manyan 'yan'uwansa masu inji ɗaya, kuma sunaye huɗu ne suka fi yawo a bakin matuƙa: Cessna 182 da ake kira Skylane, Cirrus SR22, Beechcraft Bonanza, da Cessna 206.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, ga mafi yawan masu sabon lasisi Skylane ne ya kamata ya zama mataki na gaba. Sai dai akwai mutanen da wannan shawara ba ta dace da su ba, kuma akwai matsalar mai da za ta iya rusa lissafin gaba ɗaya ga wanda zai kawo jirgin gida Najeriya ko Nijar.

A Amurka, inda aka ƙera dukkan jiragen nan huɗu kuma inda ya fi sauƙin samun malamin kowannensu, hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, FAA, ta gindaya sharuɗɗa biyu. Jirgin da injinsa ya haura ƙarfin doki 200 ba za ka tuƙa shi a matsayin shugaban jirgi ba sai malami ya koyar da kai a ƙasa da sama, ya sa hannu a littafin awanninka. Duka huɗun sun faɗa ƙarƙashin wannan. Sharaɗi na biyu na jirgin da ya haɗa abubuwa uku ne: tayoyi masu naɗewa, filaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don rage gudun sauka), da farfela wadda matuƙi ke sauya kusurwar ruwanta. A cikin huɗun Bonanza kaɗai ke buƙatar wannan sa hannu na biyu. Dokar ba ta faɗi yawan awannin da za ka yi ba, ta bar wa malami ya duba ƙwarewarka. Wanda ke yanke awannin a zahiri kamfanin inshora ne. Shi zai ce sai ka yi awa kaza da malami, wani lokaci da wasu awanni kai kaɗai, kafin ka ɗauki fasinja. Don haka kafin ka biya kuɗin jirgi ko na horo, fara jin ta bakin mai inshora.

Abin da zai sauya a hannunka

A 172 abu biyu kake juyawa: baƙin maɗauri na totur, da jan maɗauri mai daidaita cakuɗar mai da iska. A Skylane da Bonanza da 206 akwai na uku a tsakiyarsu, shuɗi, na farfela. Aikinsa kamar na giyar mota ne. Lokacin tashi kana tura shi gaba ƙarshe don injin ya juya da dukkan saurinsa, idan ka daidaita a sama sai ka ja shi baya, ruwan farfela ya ƙara cizon iska, juyin injin ya ragu, ƙara ta ragu, mai ya ragu. Totur kuma yanzu ba a agogon juyin inji kake karanta shi ba, wani agogo ne daban mai nuna matsin iskar da ke shiga injin, da inci ake ƙirga shi. Akwai tsari da malami zai maimaita maka har ya zauna: idan za ka ƙara ƙarfi, ja, shuɗi, sannan baƙi, idan za ka rage, baƙi tukuna sannan shuɗi.

Wannan cikin 'yan awanni ake kama shi. Abin da ya fi ɗaukar lokaci kula da zafin injin ne. Silinda shida ne a matse cikin murfi ɗaya, iska ce kawai ke sanyaya su. Cessna ta yi wa murfin wasu ƙananan ƙofofi a ƙasa, kana buɗe su a ƙasa da lokacin hawa, ka rufe idan ka daidaita ko kana gangarowa. Idonka kuma yana kan zafin kan silinda, kada ya riƙa haura wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Matuƙin da ya saba ya ja totur baya gaba ɗaya ya sulalo ƙasa dole ya bar wannan ɗabi'a, ya fara shirya saukowarsa tun yana da nisa, yana rage ƙarfi kaɗan-kaɗan.

Sai ƙafar dama. Kowanne daga cikin jiragen nan yana ja zuwa hagu idan an ba shi wuta, kuma gwargwadon ƙarfin injin gwargwadon jan. Ranar farko da ka tura totur na injin doki 300, za ka ga layin tsakiyar titi yana zamewa ta damanka idan ba ka taka fedar dama, mai mayar da hancin jirgi dama, da gaske ba.

Skylane

Cessna ta fito da 182 a 1956, ta dakatar da ƙera shi a tsakiyar shekarun 1980 tare da sauran ƙananan jiragenta, ta dawo da shi a 1997. Tsofaffin suna da injin Continental O-470 mai kafireto, sababbin kuma Lycoming IO-540, dukkansu doki 230. Gudunsa wajen kilomita 260 a awa, yana shan lita 45 zuwa 50. Fiffiken a sama yake, tayoyin a kafe, ƙofa biyu, maɓallan kusan inda ka bar su a 172. Wannan kamannin shi ne babbar fa'idarsa ga mai koyo, domin hankalinka ba ya rabuwa gida goma. Abin da ka sani yana nan, sabon abu kaɗan ne, kuma saurin da yake tunkarar titi da shi bai fi na 172 da yawa ba.

Ana yawan cewa Skylane yana ɗaukar duk abin da ka iya rufe ƙofa a kansa. Kada ka yarda da wannan magana. Ɗauki samfurin 182T: nauyin tashinsa kilo 1,406, abin da yake iya ɗauka na mutane da kaya da mai wajen kilo 500. Cikakken tanki lita 329 ne, wato kilo 237. Saura kilo 260 da 'yan kai, manya uku da ƙaramar jaka. Amfaninsa yana fitowa ne idan ka rage man. Zuba lita 230, sai ya rage maka kilo 330 da wani abu, manya huɗu matsakaita da jakunkuna marasa nauyi, kuma har yanzu kana da man tafiyar awa uku da rabi ban da na ajiya. Wannan ne 172 ba zai iya ba. Ka kuma tuna nauyin saukarsa kilo 1,338 ne, ƙasa da na tashi, saboda haka idan ka tashi a cike ba a so ka juyo ka sauka nan take sai da larura.

Aibinsa a hanci yake. Injin ya fi na 172 nauyi sosai, kuma idan ku biyu ne kawai a gaba, kai da malami, babu kowa a baya, nauyin duk ya taru a gaba. Ga yadda abin ke faruwa. Ka zo daidai bakin titi, ka ja totur baya gaba ɗaya kamar yadda ka saba, farfela ta zama birki, jirgin ya nutse da sauri fiye da zatonka. Ka ja sitiyari da ƙarfin da ya ishi 172, hancin bai ɗago ba. Tayar gaba ta riga na baya taɓa ƙasa, jirgin ya yi tsalle, ka tura sitiyari don ka mayar da shi, ya sake dukan ƙasa da hanci, wannan karon da ƙarfi. A 182 ƙafar tayar gaba a jikin bangon ƙarfen da ya raba injin da ɗakin matuƙi take, kuma wannan bango ne ke lanƙwashewa. Duk bakaniken da zai duba maka tsohon Skylane kafin saye, nan zai fara haska tocilarsa. Maganin ba ɓoyayye ba ne: ka juya tirim, na'urar da ke rage nauyin sitiyari, sosai tun kana gangarowa har sitiyarin ya yi sauƙi a hannu, ka bar ɗan ƙarfi a injin har ka ɗaga hanci, idan kuma ya yi tsalle ka fasa saukar ka sake zagayowa.

Fasa saukar ma tana da nata darasi. Tirim ɗin da ka juya don sauka, da filaf a sauke, da cikakken totur, za su haɗu su ɗaga hancin sama da ƙarfi. Sai ka danne sitiyari da dantse yayin da ɗaya hannun ke mayar da tirim. Ina so kowane mai koyo ya ji wannan nauyin a hannunsa sau da yawa a can sama tare da malami, kafin ranar da zai gamu da shi ƙafa ashirin daga ƙasa da iyalinsa a baya. Masu tsohon samfuri kuma su san O-470 yana da saurin tara ƙanƙara a kafireto idan iska na da laima, ko da garin ba sanyi.

Cirrus SR22

Wannan wani tunani ne daban. 'Yan'uwa biyu, Alan da Dale Klapmeier, suka kafa kamfanin, masana'antarsa tana Duluth a jihar Minnesota, kuma SR22 ya shigo kasuwa a 2001. Jikinsa ba na gorar ruwa ba ne irin na Cessna, haɗin zare da ƙaro ne mai santsi. Injin Continental IO-550 ne mai doki 310, gudu ya kai kilomita 320 a awa duk da tayoyinsa ba sa naɗewa. Babu shuɗin maɗauri, an haɗa farfela da totur wuri ɗaya. Maimakon sitiyari a gabanka, sanda ce a gefe da kake riƙewa da hannu ɗaya. Tayar gaba ba ta bin feda, da birkin hagu da na dama ake juya shi a ƙasa, wanda kuma ya riƙa jan birki a doguwar tafiyar ƙasa yana iya zafafa shi har ya kama wuta.

Abin da ya fito da sunansa laima ce. Alan Klapmeier ya tsira daga karon jirage biyu a sama a 1985, daga nan suka ƙudurta kowane jirginsu zai zo da laimar da za ta sauko da jirgin ɗungurungum. Akwai wani hannu mai launin ja a rufin ɗaki saman kan matuƙi. Ka ja shi, roka ta fitar da laimar ta baya. Mutane da yawa suna raye yau saboda ita, kuma ban ga dalilin raina wannan ba. Idan matuƙi ya suma, matarsa ko ɗansa na iya ja. Idan injin ya mutu da dare a saman daji ko duwatsu, akwai mafita da sauran jiragen uku ba sa zuwa da ita daga masana'anta.

Amma tarihin jirgin yana da darasi. A shekarunsa goma na farko haɗurran da suka ci rai ba su yi ƙasa da na sauran ƙananan jirage ba, duk da laimar. An samu matuƙa da suka mutu hannun yana saman kansu ba su ja ba, domin duk horon da suka samu a baya cewa yake ka yi ta ƙoƙarin ceton jirgi har ƙasa. Sai da kamfanin da ƙungiyar masu jirgin suka sauya salon koyarwa, aka riƙa cusa wa matuƙi tun kafin ya tashi a wane tsayi zai ja kuma a wane hali, sannan adadin ya sauko sosai. Yanzu matuƙin Cirrus idan ya kai ƙafa 500 ko 600 bayan tashi, gwargwadon samfurin, yana taɓa hannun ya faɗa da baki cewa laima ta samu. Ƙasa da wannan tsayi ba a dogara da ita, haka ma idan gudu ya wuce wajen kilomita 250 a awa. Kamfanin yana da nasa malamai da ya tantance, har yana da shirin Embark mai ba wanda ya sayi jirgin na hannu horon sauyi kyauta. A wannan fanni na tsararren horo ya fi Cessna nesa.

Inda nake jan kunnen mai sabon lasisi shi ne sauka da sauri. SR22 yana tunkarar titi da kusan kilomita 150 a awa. Ka ƙara kaɗan a kai, ya yi ta shawagi saman titi ya ƙi zama. Ka tilasta shi, farfela ta daki ƙasa. Ka fasa sauka a makare, ka banka doki 310 jirgin yana tafiya a hankali ba ka taka fedar dama ba, ya mirgina hagu. Allunan kwamfuta da na'urar tuƙi da kanta suna sa mutum ya ji ya ƙware alhali hannunsa bai riga ya ƙware ba. Ga kuma kuɗi: sabo ya doshi dala miliyan ɗaya, yana shan lita 55 zuwa 70 a awa, laimar kuma duk shekara goma sai an sauya rokarta an sake naɗe ta, aikin da ya haura dala dubu goma. Tayoyinsa ƙanana ne cikin rufi mai matsewa, fiffikensa a ƙasa, ba a yi shi don filin tsakuwa da ciyawa ba.

Nawa saurin ke saya maka? Kano zuwa Abuja a miƙe kusan kilomita 360 ne. Skylane zai yi awa ɗaya da minti ashirin da 'yan kai, Cirrus ƙasa kaɗan da awa ɗaya da minti goma. Rubu'in awa ke tsakaninsu. Kano zuwa Legas, wajen kilomita 830, bambancin ya ɗan haura rabin awa. Wanda tafiye-tafiyensa dogaye ne, daga titin kwalta zuwa titin kwalta, kuma aljihunsa zai ɗauki horon da maimaita shi duk shekara, Cirrus zaɓi ne mai kyau, kuma idan ta ƙaninsa SR20 ya fara koyo, ya riga ya yi rabin hanya.

Bonanza

A 1947 aka fara sayar da Bonanza. Na farkon mai wutsiya ce kamar harafin V, an daina ta a 1982. Wanda ake nufi yau yawanci A36 ne ko G36, masu kujera shida da ƙofa biyu a gefen dama na baya. Daga 1984 injinsa doki 300 ne, gudu sama da kilomita 300. Matuƙa suna yabon daɗinsa a hannu, kuma da gaskiyarsu, sitiyarinsa ya fi na Cessna laushi da daidaito. Laushin nan yana da farashi. Jirgi ne mai santsi, idan ya karkata cikin gajimare hanci ya yi ƙasa, gudu yana taruwa cikin daƙiƙu. A Amurka an daɗe ana yi wa mai wutsiyar V laƙabi da makashin likitoci, saboda masu kuɗin sayensa da ba su da lokacin horo.

Ga kuma tayoyi. Kowace shekara ana samun ƙwararrun matuƙa da ke sauka da ciki don sun manta sauke su. Ba a cika mutuwa ba, amma farfela ta tafi, injin sai an kwance shi an duba, cikin jirgi ya kankare. Mai inshora ya san haka, shi ya sa kuɗin da zai caji mai awanni kaɗan yake da nauyi. A samfuran da suka gabaci 1984 maɓallin taya da na filaf suna akasin inda sauran kamfanoni ke sa su, an kuma sha samun wanda ya sauka lafiya, ya kai hannu zai ɗage filaf, ya naɗe tayoyi. Kujera shidan ma sai an yi lissafi: da cikakken tanki na lita 280 ba zai ɗauki manya shida ba, kuma dole ka auna inda nauyi ya faɗa kafin kowace tafiya.

Ban ce kada ka koye shi ba. Ƙungiyar masu Bonanza ta Amurka tana da shirin horo mai inganci da ya daɗe. Amma na fi so ya zama jirginka na uku. A da mai neman lasisin kasuwanci dole ya yi awa goma a jirgi mai naɗe taya, tun 2018 kuwa FAA ta yarda a cike su da jirgi mai allunan zamani, saboda haka wannan dalilin ma ya ragu.

Cessna 206

Idan kaya ne damuwarka, ko iyali mai yawa, ko filin da ba kwalta, ga jirginka. Ya fito a 1964, kujera shida, doki 300, nauyin tashi kilo 1,633, ƙofofi biyu a bayan dama da buhu ko gadon maras lafiya zai shige, ana ma iya ɗaura masa akwatin kaya a ƙarƙashin ciki. Da shi aka yi shekaru ana jigila a Alaska, da Papua, da dausayin Okavango a Botswana, inda matasan matuƙa da yawa suka tara awanninsu na farko daga garin Maun. Gudunsa kusan na Skylane ne amma yana shan wajen lita 60, saboda haka wanda zai riƙa yawo shi da mutum ɗaya asarar mai kawai zai yi.

A hannu Skylane ne da aka ƙara wa nauyi ta ko'ina. Duk abin da na faɗa kan hanci da tirim yana nan, ya ma fi. Halinsa idan ba kowa a baya daban, idan an cika shi daban, don haka horon da bai haɗa da tashi da sauka da cikakken kaya ba bai cika ba. Akwai kuma abin da dole ka nuna wa fasinjojin baya kafin ka tada inji: idan filaf na sauke, yana tare ƙofar gaba daga cikin biyun, ba ta buɗewa sai ɗan kaɗan, kuma akwai matakan da ake bi a buɗe ta bayan. A saukar gaggawa, musamman kan ruwa, wannan ya taɓa cin rayuka. Wanda ya yi awanni a 182 zai shiga 206 cikin sauƙi. Haya kuwa, Skylane da Cirrus ana samunsu a makarantu da dama a Amurka, 206 da Bonanza sai an tona.

Hazo, zafi da mai

Ranar 16 ga Yuli 1999 John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, ya faɗa teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard na ƙasar tare da matarsa da yayarta. Jirgin Piper Saratoga ne, mai doki 300 da naɗe taya, ya saye shi watanni kaɗan kafin nan bayan ya bar Cessna 182. Awanninsa duka wajen 310, bai kammala lasisin tuƙi da agoguna ba, wato tuƙi ba tare da ganin waje ba. Dare ne, akwai hazo a kan ruwa, sama da ƙasa suka haɗe masa. Masu bincike ba su sami matsala a injin ba. Jikinsa ne ya gaya masa jirgin a miƙe yake alhali yana karkata.

Duk wanda ya san hunturu a Kano ko Maiduguri ko Damagaram ya san irin wannan sama. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙura na iya rufe gari har manyan jirage su fasa sauka, kuma ko ranar da ake ganin kilomita biyar da dokar tuƙi da ido ke nema, kana hawa sama layin da ya raba ƙasa da sama ya ɓace. Da damina kuma hadari ne ke tasowa daga gabas a jere. Saboda haka idan kuɗinka na abu ɗaya ne, ko jirgi mai sauri ko lasisin tuƙi da agoguna, ɗauki lasisin. A tsarin FAA awa 40 ne na tuƙi da agogo, da awa 50 na tafiya tsakanin garuruwa kana shugaban jirgi. Skylane kuma, saboda natsuwarsa a iska, yana cikin jiragen da suka fi daɗin yin wannan karatu.

Zafi ma yana cin ƙarfin jirgi. Filin Kano yana kan tsayin ƙafa 1,560. Ranar da zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, iskar ta yi sirantar da injin da fiffike za su ji kamar suna ƙafa 4,900. Filin Jos ya haura ƙafa 4,000, da zafin digiri 30 lissafin ya doshi 7,000. Injin da ba turbo yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa dubu. A irin wannan rana 172 mai cikakken kaya da ƙyar yake hawa, rarar dokin Skylane ko 206 kuwa tana zama rarar tsaro. Ka sa malami ya koya maka rage mai da jan maɗauri kafin tashi a irin wannan yanayi, da yadda ake tada inji mai allurar mai idan yana da zafi, domin man da ke cikin bututu yana zama tururi bayan an kashe shi a rana.

Sai babbar matsalar. Jiragen nan huɗu duka fetur ɗin jirgi suke sha, shuɗin nan da ake kira 100LL. A Amurka kusan kowane ƙaramin fili yana da famfonsa. A Afirka ta Yamma yana da wuyar samu, yana da tsada, sau da yawa a duro ake kawo shi, alhali kananzir ɗin jirgi, Jet A-1, yana duk filin da manyan jirage ke sauka. Kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koma ga jiragen Diamond DA40 NG da DA42 NG masu shan Jet A-1. Wannan yana da tasiri biyu a kan zaɓinka. Na farko, idan a irin wannan Diamond ka koya, maɗauri ɗaya ka sani, kwamfuta ce ke kula da farfela da mai, don haka ja da shuɗi duka sababbi ne a wurinka, ka ƙara wa kanka awannin horo. Na biyu, idan a gida jirgin zai zauna, ka sa Diamond DA50 RG cikin lissafi: kujera biyar, injin Continental CD-300 mai doki 300 da ke shan Jet A-1, Turai ta ba shi takardar amincewa a 2020. Tayoyinsa na naɗewa, saboda haka gargaɗin da na yi kan Bonanza ya hau kansa. Akwai kuma tsofaffin 182 da aka sauya wa inji zuwa na kamfanin SMA mai shan kananzir, ba su da yawa a kasuwa amma suna nan.

Jirgi mai rajistar Najeriya, wanda lambarsa ke farawa da 5N, sai hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar, NCAA, ta amince da lasisinka na waje kafin ka tuƙa shi, haka ma 5U a Nijar da tata hukumar. Kafin ka tsayar da samfuri, je filin da jirgin zai kwana ka tambayi abu biyu: ina ake samun mansa, kuma wane injiniya mai lasisi ne a kusa ya taɓa kwance irin injinsa. Cessna ta fi sauran yawan masu gyara da kayan gyara a nahiyar nan, jikinsa na gorar ruwa kuma kowane injiniyan jirgi ya san yadda ake facinsa. Gyaran jikin Cirrus da laimarsa sai cibiyar da kamfanin ya amince da ita, idan kuwa mafi kusa tana wata ƙasa, ka sa kuɗin kai jirgin can da dawo da shi cikin kasafin kowace shekara.